Keken ɗinkin ƙanwata da zaman majalisa na Nuwamba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da adashin matan layinmu a nan Garwa, arewacin Kamaru. Mu ashirin da huɗu ne, zubi jaka biyu, wato sefa 2,000, duk Juma'a bayan la'asar, a tsakar gidana ƙarƙashin darbejiya. Wadda ta kwasa tana tashi da sefa 48,000. Tun farko na ɗora wa kaina wata al'ada: duk wadda ta zo ta roƙi a ba ta kwasa kafin layinta ya zo, sai in rubuta dalilinta da jan biro a gefen sunanta. Shekaranjiya da dare na zauna ina buɗe tsofaffin shafuka. Akwai biki, akwai kuɗin makaranta, akwai wadda ruwa ya rushe mata katanga. Amma kalmar da ta fi cika gefen littafin nan ita ce asibiti.

Abin da ya sa na ɗauko littafin, na ji a rediyo cewa 'yan majalisa sun koma Yawunde zaman Nuwamba. Sau uku suke zama a shekara, Maris da Yuni da Nuwamba, kuma a wannan na ƙarshe ne ake duba kasafin kuɗin shekara mai zuwa. Kowane minista yakan je gaban kwamitin kuɗi ya kare abin da ya nema, har da na lafiya. Depite 180 ne a majalisar dokoki, sanatoci 100. A hannunsu maganar shirin kula da lafiyar kowa da kowa take bi, wanda ake kira CSU, ko a kasafi ko a duk wata doka da za a kawo gabansu a kansa. Ni ba 'yar siyasa ba ce. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗakin nan mu ne a cikinsa.

Bari in fara da yabo, don yabon gwani ya zama dole.

Ƙanwata da muke uwa ɗaya uba ɗaya, mijinta gyaran babur yake yi a bakin titi. Da ta samu ciki na huɗu, ni na ja ta da hannuna muka je ta sayi takardar nan ta masu ciki, shek sante. Jaka shida. Ta yi ta ƙorafi a hanya, wai kuɗin cefanen sati ne za ta ba da a kan takarda. Shirin ya fara ne a 2015 a jihohinmu uku na arewa, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, da tallafin Faransa da Jamus. Da jaka shidan nan mace za ta yi awo, a yi mata hoton ciki, ta haihu, in ta kama a yi tiyata a yi, kuma a ci gaba da duba ta ita da jariri har kwana 42 bayan haihuwa, wato har ta gama wankan jego.

Naƙuda ta zo mata da dare. Har gari ya waye, har azahar, shiru. Ungozomar asibitin unguwa ta duba ta, ta fito ta ce mana yaron a gicciye yake, sai babban asibiti. Na ga yadda fuskar mijin ta canza. Ya zaro wayarsa ya cire layi, ya miƙa wa ƙanensa ya ce ya ruga kasuwa ya sayar ko nawa aka taya. Da muka isa, tambayar farko da aka yi mana ita ce, "Tana da shek?" Na zaro ta daga cikin ledar da na naɗe ta. Aka shiga da ita. Jini ne kawai aka ce mu kawo masu bayarwa, 'yan'uwan mijin biyu suka miƙa hannu. Bayan ta farfaɗo, muryarta ƙasa-ƙasa, ta riƙe mini gefen zane ta ce, "Yaya, nawa suka ce?" Na ce mata ai kin biya tun ciki yana wata uku. Ta yi ta kuka. Mijin ya kira ƙanensa ya ce ya dawo da wayar.

Na girma ina ganin matan da irin wannan naƙuda ta tafi da su a ɗaki, ana ta ba su rubutu da jiƙo saboda ba wanda ya isa ya tunkari kuɗin tiyata. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna a 2011 mata 782 ke rasuwa ta dalilin ciki da haihuwa cikin kowace haihuwa 100,000, a 2018 kuma ya sauko zuwa 467. Har yanzu da yawa. Amma na ga ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira da idona, tana nan tana goyo.

To, a gidan nan dai, shekara ba ta zagayo ba.

Ƙarshen damina, lokacin da sauro ke cin kasuwarsa a unguwannin da ke kusa da Binuwai, babban ɗanta ya kwanta. Shekararsa bakwai. Kwana biyu ana ba shi ƙwayar da aka sayo a tebur, a na uku ya fara jijjiga, idanu suka juye. Aka kwashe shi sai asibiti. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, jini ya yi ƙasa. Da a ce shekararsa huɗu, da ganin likita da maganin duk suna cikin na kyauta, domin tun 2011 aka ɗauke kuɗin maganin zazzaɓi mai sauƙi ga 'yan ƙasa da shekara biyar, a 2014 aka haɗa da mai tsanani. Ƙanwarsa 'yar shekara uku, har gida masu rabo suke zuwa duk wata a lokacin damina su ba ta ƙwayoyin rigakafi. Gidan sauro ɗaya suke kwana a ciki. Ita tana cikin lissafi, shi ya fita da shekara biyu.

Aka fara miƙo takardu. Kuɗin kati, kuɗin gwaji, allurai, ƙarin ruwa, ledar jini, kuɗin gado. Ta zo mini da magariba ko takalmi ba ta saka daidai ba. Ta ce, "Yaya, ki taimake ni da kwasar wannan satin." Wallahi na riga na ba wata, ita ma uwarta ce a kwance. Na haɗa mata abin da ke hannuna bai kai ko'ina ba. Washegari aka ɗora keken ɗinkinta a bayan babur. Keken da aka saya mata da kuɗin sadakinta, wanda da shi take ɗinka wa yaran unguwa kayan sallah, da shi take zubin adashi. Rabin kuɗinsa aka ba su. Yaro ya tashi, alhamdu lillahi. Wata uku tana kasa zubi, ni nake rufa mata asiri ba tare da sauran mata sun sani ba.

Wannan shi ne abin da nake so depitocinmu su riƙe a ransu idan an buɗe musu takardun kasafi.

Na san an yi ƙoƙari. A watan Afrilun 2023 ministan lafiya, Manaouda Malachie, ya ƙaddamar da kashin farko na CSU a Mandjou, can jihar Gabas. Aka tattara abubuwan da ake da su wuri ɗaya: ganin likita kyauta ga ƙananan yara, maganin tarin fuka da na cutar HIV, aka faɗaɗa shek zuwa wasu jihohin kudu. Masu wankin ƙoda su suka fi ganin sauyi. Da jaka biyar ake biya duk zama, sau biyu a sati, a shekara sefa 520,000. Yanzu jaka goma sha biyar ne a shekara gaba ɗaya. Akwai wani dattijo a masallacin layinmu da 'ya'yansa suka kusa sayar da gida a kan wannan, yau ga shi yana zuwa sallah da ƙafarsa.

Amma kashin farko sunansa kashin farko. Duba waɗanda ke waje. Yaro daga shekara biyar zuwa sama. Surukata mai hawan jini da ciwon suga, wadda take raba ƙwaya biyu don ta kai ta ƙarshen wata. Mai babur da ya karye a hanyar Pitowa ranar kasuwa, aka wuce da shi wurin mai ɗori saboda ba kuɗin hoto. Magidancin da in ya kwanta kwana goma, tukunyar gidan ma ta kwanta. A ƙasar nan kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Kuma aljihun wa? Binciken hukumar ƙididdiga na baya-bayan nan ya sa iyakar talauci a sefa 813 a rana. A faɗin ƙasa kusan mutum 38 cikin 100 ne ke ƙasa da haka, amma a jihar Arewa sun haura 60, a Arewa Mai Nisa sun kusa 70. Mutumin da bai samun 813 a rana, in ka miƙa masa takardar magani ta jaka ashirin, ka ce masa ne ya je ya sayar da akuya, ko buhun dawar da ya ajiye don bazara, ko keken ɗinki.

Akwai kuma wani ciwo da ba a cika faɗa a rediyo ba. Sau biyu na raka mata masu shek, aka duba su ba a karɓi ko dala ba, sannan aka ce maganin babu a ma'aji, sai a je waje a saya. Na yi fushi a karo na biyu, har na ɗaga murya. Wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace, ta ja ni gefe ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Mu muna yin aikin ne, sai daga baya a biya mu. In biyan ya yi jinkiri, da me za mu sayo wani maganin?" Na ji kunya. Ashe kyautar da muke gani, bashi ne asibiti ke bin wani. In ba a biya a kan lokaci ba, kanta za ta bushe, ma'aikaci zai fara kallon mai shek kamar kaya, ita kuma mace ta koma gida ta gaya wa kishiyarta da maƙwabta cewa takardar banza ce. Da wuya aka shawo kan mazajenmu suka yarda mata su je awo. Rushe wannan yardar ba ya ɗaukar lokaci.

Don haka in da zan samu depite ɗaya ya saurare ni, kafin a yi maganar sabon gini ko sabuwar mota, ya tashi ya tambaya: nawa asibitoci ke bi, kuma yaushe za a biya su? Suna da damar yi wa minista tambaya baki da baki a zauren majalisa. Su yi amfani da ita. Sannan a ware kuɗin a fili, da sunansa, yadda ba zai dogara kacokan ga masu tallafi daga waje ba. Mai ba ka yau, gobe yana iya cewa ya gaji. Shugabannin Afirka da kansu suka yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Mu ko rabin haka ba mu kai ba.

Maƙwabtanmu sun rubuta nasu a doka. Chadi ta yi dokar kula da lafiyar kowa a 2019, da sashe na musamman ga marasa ƙarfi. Najeriya ta yi tata a 2022, ita ma da asusun masu rauni. 'Yan'uwanmu na Yola suna gaya mini takarda daban, abin da ke ƙasa daban, kuma na yarda. Amma doka tana ba talaka abin nunawa. Darajar shek ke nan a wurina: mace tana riƙe da abu a hannunta wanda ya ce an biya, ba alfarma ta zo nema ba. Ina son irin wannan ga gida gaba ɗaya. A ce magidanci ya biya wani abu ƙayyadadde sau ɗaya a shekara, bayan kaka ko bayan an biya kuɗin auduga, lokacin da hannu ke da ɗan danshi, ya rufe shi da matansa da 'ya'yansa. Wanda ko hakan ba zai iya ba, gwauruwa mai marayu, tsoho marar kowa, waɗanda ambaliya ko rikici ya koro, hukuma ta biya musu.

Maigidana ya ce da ni, "To wa zai tantance talakan? Kin san da an ce lissafi, 'yan'uwan masu rubutu ne za su cika shi." Gaskiya ya faɗa, kuma abin yana damuna. Amsar da nake da ita, kada a bar shi a hannun mutum ɗaya. Mai unguwa ya zauna, liman da fasto su zauna, a sa mata a ciki, a karanta sunayen a bainar jama'a. Mu mata mun san gidan da ba a hura wuta ba jiya. Ya kuma ce gwamnati na da yaƙi a kan iyaka, ga bashi, ga hanyoyi. Na ce na sani. Ban ce a yi komai a shekara ɗaya ba. A fara da matsar da iyakar nan ta shekara biyar, ko da a kan zazzaɓin cizon sauro kaɗai, ta haɗa da 'yan firamare.

Mu ma da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Kwana biyun da aka yi ana ba yaron ƙwayar tebur, su suka kai shi ga jijjiga. Na faɗa wa ƙanwata haka, ta ce, "Yaya, tsoron kuɗin ne ya sa." Ban sami abin ce mata ba.

A zubin Juma'ar da ta wuce mun yanke shawara biyu. Kowace za ta riƙa ƙara dala ashirin a wani gwangwani daban, na rashin lafiya kawai, ba a taɓa shi don biki. Sannan in depiten yankinmu ya dawo daga Yawunde, mu biyar za mu je gidansa. Babbar 'yata ta kwafe mini shafukan jan biro a takarda mai tsabta, ta cire sunaye, ta bar dalili da adadin kuɗi, ta juya shi da Faransanci. Ƙanwata ta ce za ta bi mu da yaron. Layinta na kwasa zai zo a sati na biyu na Janairu, kuma mun je mun ga mutumin da ya sayi keken. Ya ce bai sayar ba tukuna, zai jira ta.