Yini Guda a Tashar Jirgin Bajoga

Shekaranjiya na dawo daga Gombe, kuma har yanzu hankalina yana Bajoga. Biki ne ya kai ni, amma da aka watse sai na ce bari in leƙa tashar jirgin ƙasan da mahaifina ya sha ba mu labarinta. Ta nan yake saro shanu a zamaninsa.

Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni daga tashar mota ya ji Hausata ta Kano, sai ya ninka kuɗi. Na biya, amma raina ya sosu. A Kano ko baƙo ne sai an yi ciniki da kai.

Tashar 'yar ƙarama ce, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Ciyawa ta rufe layin dogo, awaki na kwance a kan ƙarfen. Na tsuguna na auna faɗin layin da hannu, siriri ne, ƙafa 3 da inci 6, irin namu na Kano.

A gindin darbejiya na tarar da wani dattijo. Na yi sallama, ya matsa mini a tabarma.

"Ɗana, jirgi kake jira?"

"A'a Baba, labarinsa na zo ji."

Kafin in ankara ya aika an kawo fura da nono, mai kauri, ba irin tsararon da ake sayar mana a leda ba. Na zaro kuɗi, ya ɗaure fuska. Kunya ta kama ni.

Dattijon ya ce yana yaro aka shimfiɗa layin. Daga Kuru, kusa da Jos, layin ya taso, ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964, zamanin Tafawa Ɓalewa. Bashin farko da Bankin Duniya ya ba Najeriya a 1958, dala miliyan 28, harkar jirgin ƙasa aka karɓo wa. Gyaɗa, auduga, shanu, daga baya simintin Ashaka, duk ta nan suka bi. Ya nuna mini inda 'yan dako ke zama, da inda mata ke soya ƙosai ranar jirgi. Yanzu tireloli ke ɗaukar kayan, su farfasa titi, kuɗin mota ya hau kan talaka. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

La'asar na yi masa sallama. Na kwana Gombe, da asuba na kama hanyar Dukku da Darazo zuwa gida.