Abin da ba ya dawowa shi ake ƙirgawa

Da na fara wannan aiki na bin diddigin gwajin injin roka, duk wutar da na gani ƙirgawa nake yi. Shekarar 2022 ta ƙare kamfanin SpaceX ya harba roka sau 61, alhali a 2021 sau 31 ne kacal. Sai na ce bari in nemi hanyar gane inda aka dosa, ba sai na jira alkawarin da manyan kamfani kan yi a farkon shekara ba. Alkawari ba ya cin mai, gwaji kuwa yana ci, kuma ba wanda zai ƙona tan-tan na kananzir don kawai ya burge 'yan kallo.

Wurin da na sa wa ido shi ne McGregor, wani ɗan gari a jihar Teksas ta Amurka, inda kamfanin yake gwaji tun 2003. A Hawthorne ta Kalifoniya ake ƙera injin Merlin da gangar rokar Falcon 9, a ɗoro su a manyan motoci zuwa Teksas, a ɗaure su tamau a kan mazaunin gwaji, a kunna. Sai sun ci jarrabawa ake wucewa da su Fulorida ko sansanin Vandenberg na Kalifoniya inda ake harbawa. Akwai masu sha'awar harkar da suka kafa kyamara daga nesa tana nuna filin dare da rana ta intanet, ita ce idona. Za ka fara ganin farin tururi yana tsiyaya daga jikin tanki, alamar an zuba oksijin mai tsananin sanyi. Can sai wuta ta ɓalle, hayaƙi ya turnuƙe, amma shiru kake ji. Sai bayan 'yan daƙiƙu rugugin ya iso, don haske ya riga sauti gudu. Nan nake duba agogo in rubuta rana, da mazaunin da aka kunna, da tsawon lokacin da wutar ta yi.

Watanni na yi ina tara layuka ina jin kaina gwani, lissafin kuwa ya ƙi haɗuwa da yawan harbin da ake yi. Ashe ba Merlin kaɗai ake gwadawa a wurin ba, har da Raptor, injin babbar rokar Starship. Ita wannan guda ɗaya tana ɗauke da inji 39, wato 33 a ƙasa, 6 a sama, kuma da yawa daga gwajin Raptor na bincike ne, ana matsa wa inji a ga iyakarsa, ba wai gobe zai tashi ba. Na haɗa wake da tsakuwa a kwano ɗaya. Da na natsu sai na ga bambancin a bayyane yake: Merlin kananzir yake sha, wutarsa rawaya ce jajir mai ɗaukar ido, Raptor kuwa iskar mitan yake ƙonawa, harshen wutarsa shuɗi-shuɗi ne garai.

Na ware Raptor gefe, na ce yanzu na kama bakin zaren. Falcon 9 sashe biyu gare ta, na ƙasa da na sama, tana da Merlin tara a sashen ƙasa, to in na raba adadin gwaji gida tara ai na sami yawan roka. Nan ma na sha ƙasa, kuma wannan kuskuren ya fi ba ni kunya don amsar tana gabana. Tun Disamba 2015 sashen ƙasa ya fara dawowa ya sauka da ƙafafunsa, a Maris 2017 aka fara sake harba wanda ya taɓa tashi. Ya zuwa 2024 akwai waɗanda suka yi sawu sama da 20. Ke nan injuna tara da suka bi ta McGregor sau ɗaya suna iya yin aikin shekaru. Yawan gwajinsu yana gaya maka yadda ake sabunta garke, ba sau nawa ake fita kiwo ba.

Sashen sama shi ne maganar. Inji ɗaya gare shi, Merlin da aka gyara don aiki inda babu iska, kuma ba ya dawowa. In ya kai kaya falaki, ko dai a juyo da shi ya ƙone a hanya, ko a bar shi can. Kowane harbi sai da sabo. Har Falcon Heavy mai ganga uku da inji 27 a ƙasa, sashen sama ɗaya take ci. Da aka yi harbi 96 a 2023, sabo 96 aka kashe. Da aka kai 134 a 2024, kusan kowane kwana uku sai an gama ƙera ɗaya an gwada shi. Tun da na koma ƙirga wannan kaɗai, littafina ya fara magana da gaskiya.

Sai dai abin da yake faɗa shi ne iyakar abin da za a iya, ba ranar da za a yi ba. A Yuli 2024 na gane haka sosai. Ranar 11 ga wata sashen sama na wata Falcon 9 da ta tashi daga Vandenberg ya yi yoyon oksijin, taurarin ɗan adam 20 na Starlink, masu samar da intanet, suka kasa kai inda ake so. Aka dakatar da harbi har 27 ga wata. Ko da an jera sassa a rumbu, ba inda za su. Ga kuma iska da hadari, ga jiragen ruwa uku na lokacin da sashen ƙasa ke sauka a kansu, kowane sai ya je teku ya dawo. Dandalin harbawa su ma uku ne a lokacin, biyu a Fulorida, ɗaya a Kalifoniya.

Na taɓa gwada dabarar a kan rokar SLS ta hukumar NASA, don son banza. A cibiyar Stennis ta Misisipi aka kunna babbar gangarta a Janairu 2021, ta mutu bayan daƙiƙa 67. Aka sake a Maris, ta yi sama da minti takwas lafiya lau. Ba ta tashi ba sai Nuwamba 2022. Rokar da ake harbawa jefi-jefi ba ta da kari da za ka auna, sai wadda ake fitarwa kamar daga masaƙa.

Yanzu ba na kallon mako guda, matsakaicin wata uku nake ɗauka, don wani makon a yi ta kunnawa, wani kuma tsit. In na ga an kunna a mazauni ɗaya sau biyu a jere, na farkon gajere, ɗaya nake rubutawa, in sa alamar tambaya a gefe, don sau da yawa maimaici ne. Ranar da hazo ya rufe kyamara ko barci ya sace ni, da can sifili nake sawa, shi ya sa wasu watannina na farko suka fito kamar masana'anta ta tsaya. Yanzu ja nake ja a gurbin ranar, in cire ta daga lissafi.