Keken Baba da dokin ƙofar gidanmu

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki, mu huɗu muka cicciɓe shi har da keken muka tsallake dokin ƙofar zaure. Bai ce uffan ba, amma na ga ya runtse ido. Mutumin da ya fi shekara talatin yana riga kowa fita sallar asuba a layinmu na Mabera a Sakkwato, yau ga shi sai an ɗauke shi kafin ya shiga gidan da ya gina da guminsa. A daren nan na ƙudurta cewa sai an gyara gidan.

Yayana yana aikin jinya a Ingila, kuma shi ya fara kawo maganar haraji. Da na karanto masa lissafin birkila ta waya, sai ya ce, "Ka nemi a cire maka VAT mana, ai aikin mai lalura ne." Ya bayyana mini yadda abin yake a can. VAT ɗinsu, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da ayyuka, kashi 20 ne cikin ɗari, amma idan mai naƙasa ko mai doguwar jinya zai yi gangaren keke a gidansa, ko faɗaɗa ƙofa, ko gyara ban-ɗaki, ba a ɗora masa ko sisi. Takarda kawai yake cikewa ya ba ɗan kwangilar cewa ga lalurarsa, shi kuma ya rubuta kuɗin aiki babu haraji. Tsufa kaɗai ba ya sa a samu wannan, haka ma karayar da za ta warke. Sai dai wanda ya kai shekara 60 ana rage masa zuwa kashi 5 a kan irin su ƙarfen dafawa da kujerar hawa bene, muddin wanda ya sayar shi ne ya kafa.

Na ce, "Yaya, can ke nan. Bari in bincika namu."

Na yi mako biyu ina bin maganar, kuma ban yi nadama ba. A Nijeriya VAT kashi 7.5 ne tun watan Fabrairun 2020, lokacin da aka ɗaga shi daga kashi 5. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta bar shi a haka, kuma ta keɓe kayan taimakon masu naƙasa irin su keken guragu, na'urar ƙara ji da kayan rubutun makafi. Wannan abin a yaba ne. Duk wanda zai sayi keke a babban kanti ya karɓi rasit ya duba, kada ya yarda a ɗora masa haraji a kai. Amma siminti da bulo da tayil da bututun ƙarfe, ko don wa aka saya, farashinsu ɗaya.

Wani abokina mai aikin akanta ne ya warware mini inda na rikice. Ya ce birkilanka da mai waldarka ba sa karɓar VAT a hannunka tun farko, domin ƙananan sana'o'i ba sa cikin masu tara shi. Harajin yana kwance ne a cikin farashin kaya tun daga masana'anta. Buhun simintin da ya fito daga Kalambaina, nan bayan gari, da harajinsa a ciki yake isowa shago. Ya lissafa mini a bayan takarda: a kowace naira 107,500 da ka kashe kan irin waɗannan kaya, 7,500 haraji ne. Mai shago ba shi da ikon cire maka, don shi ma ya riga ya biya.

Abin ya tsaya mini a rai har yanzu. An sauƙaƙa wa mutum keke, an bar shi da ƙofar da keken ba zai wuce ba. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, ta kuma haifar da hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa. To amma mai lalura a gidansa yake kwana, a nan yake wanka, a nan yake alwala. A ganina ko da kan ƙarfen dafawa da masai na zama ne kawai, ya kamata a yi irin takardar nan da Yaya ya faɗa. Ba kuɗi mai yawa gwamnati za ta rasa ba, kuma a gidan da jinya ta cinye komai, naira dubu goma ma magani ce na wasu kwanaki.

Da na haƙura da batun haraji muka shiga aiki, kuma a nan na yi asarar da ta fi harajin yawa. Na bar wa birkila ya yi gangaren yadda ya saba, na tafi wurin aiki. Da na dawo na tarar ya yi irin wanda ake yi a kowane gida don shigar da babur, gajere mai tsini, ya kuma shafe shi sumul da cokalin gini. Washegari da ya sha iska muka gwada. Ƙanena ya turo keken da ƙarfi, ƙafafun gaba suka ɗaga, saura ƙiris Baba ya kife ta baya. Da hankalinsa ya dawo sai ya dubi gangaren ya ce da muryarsa da ta yi nauyi, "Wanga na babur na, ba na mutum ba."

Ba laifin birkila ba ne shi kaɗai, ni ne ban ba shi awo ba. Mai gashin ƙashin da ke zuwa motsa wa Baba jiki ita ta faɗa mana ƙa'idar: kowane santimita 1 na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Daga ƙasan layi zuwa saman dokin ƙofarmu santimita 30 ne, ke nan gangaren ya kamata ya kai mita 3.6. Namu ko mita ɗaya bai cika ba. Aka fasa. Da yake layin ba shi da faɗi, sai muka kwantar da sabon a jikin bango, muka bar fili shimfiɗaɗɗe a bakin ƙofa inda keke zai tsaya ya juya. Tun siminti na ɗanye aka ja masa tsintsiya a gicciye don ya yi kaushi.

Inna ce ta hana mu yin kuskure na biyu. Na so a sare dokin ƙofar ɗakin Baba gaba ɗaya, ta ce, "Ku dai tuna da damina." Gaskiya ta faɗa. Magabata ba don ado suka ɗaga dokin ƙofa ba, ruwan Agusta idan ya cika tsakar gida ɗaki yake nema. Sai aka haƙa 'yar kwata a bakin ƙofar aka rufe ta da raga ta ƙarfe, sannan aka sare. Ƙofar kuma daga santimita 75 aka mayar da ita 90, saboda keke yana iya shiga ƙofar 75 amma hannun mai murza shi sai ya gurje.

Ban-ɗaki ya fi komai cin tunani, domin a nan mutunci yake. Baba mutum ne mai kunya, kuma na lura yana rage shan ruwa don kada ya riƙa kiran mu, a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40. Muka cire masai na tsuguno muka sa na zama, muka canza tayil mai santsi da mai kaushi, aka yi masa ɗan dakali na alwala da famfo a daidai gwiwarsa. Wajen ƙarfen dafawa ban sake yin gaban kaina ba. Na zaunar da shi a wurin na ce, "Baba, ina hannunka yake kaiwa?" Ya ɗora hannunsa na hagu mai lafiya a bango, na yi alama da gawayi. Ni a dama na yi niyyar kafawa, ɓarin da ya shanye. Mai walda ya lanƙwasa bututun ruwa, muka huda bulo muka dasa shi da siminti, don kusoshin roba ba za su ɗauki nauyin babban mutum ba. Na wajen, wanda ke bin gangare, da rana ta buɗe sai ya zama ba ya taɓuwa don zafi. Inna ta naɗe shi da igiya, magana ta ƙare.

Na adana kowane rasit a cikin leda ɗaya, har da na simintin da aka fasa. Yaya ya ce in riƙe su, ni ma ina so idan maganar sauƙin haraji ta taso a gaban wakilanmu in sami abin nunawa a hannu.

Yanzu Baba yana fita zaure da kansa bayan la'asar, abokansa su zo su zauna. Masallacin layinmu bai kai taku hamsin daga ƙofarmu ba, amma matakala uku ce a bakinsa, don haka a waje yake bin jam'i, a inuwar dalbejiya. Na je na sami Malam Liman da abin awona a aljihu. Muka auna tare, santimita 45, ke nan mita 5.4. Ya ce zai sanar bayan sallar isha'i ranar Alhamis, ni kuma na ɗauki nauyin buhu biyu.