Bindigar farautar elk: abin da nake gaya wa sabon maharbi a shagona

Ina da ɗan ƙaramin shago a yammacin jihar Kolorado ta Amurka. Bindigogin farauta nake sayarwa da harsasai, ina ɗaura madubin saiti, ina kuma gyaran abin da hannuna zai iya. Kasuwarmu ta shekara daga Agusta take tashi zuwa tsakiyar Nuwamba, domin a nan ne jama'a ke shirin farautar elk, kuma babu jihar da ta kai Kolorado yawan wannan dabba. Elk dangin barewa ne, amma a girma ya fi gwanki. Namiji babba yakan haura kilo 300, ga kaurin fata, ga ƙashin kafaɗa mai tauri, ga juriya. Idan harsashi bai same shi inda ya dace ba, sai ya haye tsauni da rauni a jikinsa, ya je ya mutu a inda ba mai ganinsa. Wannan shi ne abin da ba na so a ce bindigar da ta fita daga hannuna ta jawo.

Sabon maharbi kusan kullum da magana ɗaya yake shigowa: a ba shi .300 Winchester Magnum, an ce masa ita ce ta elk. Ba laifinta ba ne, tun 1963 take aiki, kuma tana jefa harsashi da gudu sosai. Matsalar shurinta ce. Wanda bai saba ba, idan ta daki kafaɗarsa sau biyar a filin gwaji, jikinsa yakan koyi tsoro. Kafin ya ja kunama sai ya runtse ido, ya ɗan karkata, harsashi ya tafi wani wuri daban. Shi kansa bai san yana yi ba. Ni da nake tsaye a bayansa nake gani.

Shi ya sa nakan ce, “Malam, bari mu fara da .30-06.” Harsashin sojan Amurka ne na 1906, mafarauta suka karɓe shi, har yau ba ƙauyen da za ka shiga a yankin nan ka rasa shi a kanti. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya manta kwalinsa a gida, yana can kusa da garin Craig da asuba. Mai ƙaramin jiki kuwa ina nuna masa .308 Winchester ko .270 Winchester. Samari suna yawan tambayar 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007. Yana da saiti, shurinsa kaɗan ne, yana kuma kayar da elk, amma ba ya yafe kuskure. Nakan sayar da shi ga wanda ya yarda ba zai yi harbi daga nesa ba, kuma zai jira dabbar ta ba shi gefe.

Dokar jiha ta ajiye mafi ƙaranci: faɗin harsashi kada ya gaza inci 0.24, nauyinsa kada ya gaza giren 85 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi) idan elk za a harba, kuma ya zama mai buɗewa a cikin nama. A ganina wannan ƙasan ne kawai, ban taɓa ba sabon shiga shawarar tsayawa a kansa ba.

Inda mutane suka fi yin sakaci shi ne harsashin kansa. Mutum zai zuba kuɗi a bindiga, sannan ya ɗauki kwali mafi araha a kan kanta. Alhali bindiga ba ta taɓa dabba, harsashi ne ke isa gare ta. Mai laushi, wanda aka yi don ƙananan barewa, yakan farfashe a kan kafaɗar elk bai kai huhu ba. Irin wannan ne ya faru da John Nosler a 1946, a wata farauta a Kanada, har ya koma gida ya ƙera harsashin da ake kira Partition. Ya raba cikinsa biyu da katanga: gaba ya buɗe, baya ya riƙe nauyinsa ya ci gaba da kutsawa. Tun 1948 ake sayar da shi, kuma har yau shi nake fara miƙawa. Akwai AccuBond, akwai kuma na jan ƙarfe zalla irin Barnes TSX, wanda masu gudun dalma a cikin naman da iyali za su ci suka fi so. A .30-06 ina ba da mai giren 165 ko 180. Nakan roƙi mutum ya sayi iri biyu ya gwada, domin kowace bindiga da wanda take so. Wanda ta fi tara shi wuri ɗaya a jikin takarda, shi za a yi saiti da shi, shi kuma za a shiga daji da shi. Ba a canzawa ranar tafiya.

Zancen kamfani ba ya ɗaukar mu lokaci. Tikka T3x ta ƙasar Finlan, Ruger American, Savage 110, duk suna harbi daidai tun daga kwali. Abin da nake sa mutum ya yi shi ne ya rataya ta a kafaɗa ya zaga shago. A dajin White River za ka yi ta hawa a tsayin da ya kai mita 3,000, iska ba ta isar ƙirji, wani lokaci ga dusar ƙanƙara har gwiwa. Bindigar da ta haura kilo huɗu da madubinta, kafin azahar ka tsane ta. Mai sauƙi ƙwarai kuma ta fi shuri. Tsaka-tsaki ake nema.

Madubi kuwa, gara a rage kuɗin bindiga a ƙara a kansa. Elk da sassafe yake fitowa fili, sai kuma dab da magariba, kuma doka ta ba da rabin awa kafin fitowar rana da rabin awa bayan faɗuwarta. A wannan duhu-duhun ne gilashi mai kyau ke bambanta da na banza. Mai 3-9x40, wato wanda ke kusanto da abu daga sau uku zuwa sau tara, na kamfanin Leupold ko Vortex ya wadatar. Masu neman wanda ke kusanto da abu sau ashirin, nakan tambaye su yadda za su yi idan elk ya ɓullo a yadi arba'in cikin itatuwa, su ɗaga bindiga su ga gashi kawai. A bar shi a kan uku yayin tafiya. Kuma kada a yi rowa wajen zobban da ke riƙe shi, yawancin madubin da aka dawo min da shi ana cewa ya lalace, zobe ne ya saki. Muna saita shi a yadi 200. Da haka harsashin .30-06 zai sauka da inci takwas zuwa tara a yadi 300, kuma iyakar da nake yanka wa ɗan fari ke nan.

Akwai ɓangaren takardu, wanda shi ne rabin aikina. Mai saye zai cike fom na tarayya, a binciki tarihinsa, sannan tun Oktoban 2023 sai ya jira kwana uku kafin in miƙa masa. Duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau sai ya nuna shaidar kwas ɗin farauta kafin ya sami lasisi. Dole kuma ya sa riga da hula masu launin ruwan goro mai haske ko ruwan hoda, don kada wani maharbi ya ɗauke shi dabba. 'Yan'uwa Musulmi da ke zuwa daga Denba nakan tuna musu bisimilla lokacin jan kunama, da wuƙa mai kaifi a ƙugu, idan an iske dabbar da rai a yanka.

Wanda ya zo min saura mako guda a buɗe farauta yana son sabuwar bindiga da sabon madubi, ina sayar masa, amma ina gaya masa gaskiya cewa ya makara. Ana bukatar kwali uku ko huɗu a filin gwaji, kuma ba a kan tebur kaɗai ba. A harba a zaune, a durƙushe, a kan jakar baya, a kuma harba bayan an yi ɗan gudu ana haki, domin haka za a tarar da kai a kan dutse. Duk wanda ya saya a wurina kafin ƙarshen Agusta, ɗaurin madubi da saitin farko kyauta nake masa, da sharaɗin ya dawo min da takardar da ya harba a yadi 200 in duba.