Talata: Sharaɗin Turanci da Babu "If"

Yau da safe ɗaliban ajin ƙarshe, masu shirin jarrabawar WAEC, suka tarbe ni da wata jimla da ta ɗaure musu kai: "Had the driver slowed down, the accident would not have happened." Da yawansu sun ɗauka tambaya ce, har wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai an manta da alamar tambaya." Ban ga laifinta ba, domin tun a ƙananan azuzuwa aka koya musu cewa idan "had" ta sha gaban mai aikin, to tambaya ake yi.

Na rubuta sigar da suka saba da ita a kan allo, wato "If the driver had slowed down", sannan na goge "if" da tsumma, na mayar da "had" farkon jimlar. Ma'anar tana nan yadda take: direban bai rage gudu ba, hatsarin kuma ya riga ya auku. Abin da ke tona asirin jimlar shi ne sashen da ke bayan waƙafi, wanda yake faɗin sakamakon da aka rasa.

Kalmomi uku ne Turancin yau ya saba yi wa wannan juyi, wato "had", "were" da "should". Ta ƙarshen ce ta cika wasiƙun ofis da na banki, inda ake rufewa da "Should you need further information", domin ta fi "if" ladabi. A wajen "were" kuwa, ana cewa "Were I the principal", ba a sa "was" a gurbinta.

Mun fi daɗewa a kan korewa. Dole "not" ta tsaya ita kaɗai bayan mai aikin, kamar "Had he not come", domin da zarar an taƙaita ta zuwa "Hadn't he come", an koma ga tambayar da muke gudu. Na kuma gargaɗe su kada su cika insha'i da wannan salo don burge mai duba takarda. Sau ɗaya a wasiƙar neman aiki ya wadatar.

Bayan sallar isha'i na duba aikin ajin. Yawancinsu sun kama "had", amma "Should he comes" ta yi ta maimaituwa, alhali aikatau ba ya ɗaukar "s" bayan "should". Da wannan zan fara gobe, in Allah ya kai mu.