Abin da na tarar a gindin bishiyar gidanmu na Toronto

Cikin Janairu muka sauka Toronto, dusar ƙanƙara ta lulluɓe ko'ina, saboda haka sai a watan Mayu na fara ganin ƙasar garin da idona. Gidan da muka kama haya a unguwar Scarborough yana da ɗan fili a baya, da shingen katako da wata babbar bishiya. Ranar da ciyawa ta fito kore shar, wallahi ji na yi kamar an dawo mini da tsakar gidanmu na Katsina. Na shimfiɗa tabarma, na yafa irin yakuwa da alayyafo a gefe, na saki autata mai wata 18 tana 'yan tafiye-tafiyenta tana faɗuwa.

Wata safiya na ga tulin kashi a gindin bishiyar, baƙi, da ƙwayoyin 'ya'yan itace a cikinsa, wani sabo wani ya bushe. Na ɗauka kare ne ya tsallako. Na ɗauko tsintsiya zan share ke nan, sai maƙwabciyarmu, wata dattijuwa, ta leƙo ta kan shinge tana ɗaga mini hannu in tsaya. Ita ta fara gaya mini cewa masan rakun ne.

Rakun dabbar daji ce da ta mai da gari gida. Ya fi kyanwa girma, idanunsa kamar an ramɓaɗa musu kwalli, wutsiyarsa zobe-zobe, hannuwansa kuma suna buɗe murfi kamar na mutum. Da dare yake yawo. Ɗabi'arsa ita ce ya zaɓi wuri guda yana komawa yin bayan gida: gindin bishiya, kan rufi, tarin itace, ko ramin yashin da yara ke wasa.

A cikin hanjin da yawa daga cikinsu akwai wata tsutsa da likitoci ke kira Baylisascaris procyonis. Shi rakun ba ta cika damunsa ba, amma yana iya zubar da miliyoyin ƙwayayenta a rana guda. Sabon kashi bai da haɗari sosai. Sai ƙwan ya yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa yake nuna. Daga nan kuma yana iya shekaru da ransa. Sanyin Kanada ba ya kashe shi, ruwan bilic ma haka, sai zafi irin na tafasasshen ruwa ko wuta. Idan yaro ya haɗiye shi, 'ya'yan tsutsar ba sa tsayawa a ciki kamar tsutsar da muka sani a gida. Huda hanji suke yi su bi jiki, wasu su kai ido, wasu ƙwaƙwalwa. Waɗanda cutar ta kama ba su da yawa, amma akasarinsu ƙananan yara ne masu kai ƙasa baki, kuma akwai waɗanda suka makance, akwai waɗanda suka rasu.

Gabana ya faɗi, domin jiya-jiya na ciro ƙasa daga bakin yarinyar, taku kaɗan daga bishiyar nan. Ban jira maigidan ya dawo aiki ba, na goya ta muka tafi asibiti. Likitar ta yi ta tambayata inda abin ya faru da tsufan kashin, sannan ta rubuta mana albendazol, maganin nan dai da ake raba wa 'yan firamare a gida. Bambancin shi ne a nan kwanaki ake jerawa ana sha, kuma amfaninsa a fara da wuri, kafin tsutsar ta kai inda za ta kai. Makonnin da suka biyo baya ban yi barcin kirki ba. Ko tuntuɓe ta yi sai na ƙura mata ido.

Da na kira Inna, sai ta ce, "Haba 'yar nan, wane ɗa ne ya girma bai ci ƙasa ba?" Na ce, "Gaskiya ne Inna, amma ai kin ga yadda kike rufe hatsi da tuwon dare saboda ɓera, tun da aka fara maganar zazzaɓin Lassa." Ta yi shiru, ta ce Allah ya tsare, in riƙa wanke mata hannu.

Da asabar ni da maigidan muka sa safar hannu da takunkumi. Muka yayyafa wa kashin ruwa don kada ƙura ta tashi, muka kwashe da shebur cikin leda biyu, muka kankare ƙasar saman wurin, sannan muka yi ta sheƙa tafasasshen ruwa a kan shebur da katako. Yakuwar da ke kusa na tuge ta duka, na sake shuka wata a bokitai.

Alhamdu lillahi, yarinyar lafiyarta lau, bana ta shiga makaranta. Koren kwandon sharar abincinmu yana da makulli da ake murzawa, ba na kwanciya sai na duba shi. Daren jiya na hango wata uwar rakun da 'ya'yanta huɗu suna bin kan shinge a jere. Da na idar da sallar asuba na ɗora tukunyar ruwa a wuta, na ɗauki tocila na nufi gindin bishiyar.