Yadda wayar hannu ta sauya mana aikin gini a Kano

Ina da ɗan ƙaramin kamfanin gine-gine a Kano, kuma yawancin aikinmu gidajen zama ne da shaguna da katangu, sai gyaran tsofaffin gidaje jefi-jefi. Injin kwaɓa kankare da na buga bulo sun rage mana wahala ƙwarai, amma abin da ya fi sauya sana'ar tun da na shige ta shi ne wayar hannu. Daga 2001 da layukan salula suka shigo Nijeriya ta fara rage mana zirga-zirga, sai dai tsarin aikin bai canza sosai ba sai da WhatsApp da tura kuɗi ta waya suka zama ruwan dare.

A da, mutumin da ke zaune a Legas ko Jidda ko Landan, idan yana son gina gida a nan, sai ya damƙa kuɗi a hannun ƙaninsa ko amininsa ya zauna jiran labari, kuma kowa ya san irin zumuncin da ya lalace ta wannan hanya. Yanzu da yawa daga cikin masu ba mu aiki ba sa taka filin sai gini ya kai linta. Muna buɗe zaure a WhatsApp, mu sa mai gida da injiniya da babban birkila, kowace yamma a tura hoton inda aka tsaya tare da rasidin kayan da aka sauke. Ranar da za a zuba dekin kuwa kiran bidiyo ake yi. Kafin baro na farko ya hau, nakan sa yaro ya bi kan rodin da waya, ya ɗora tef ɗin awo domin mai gida ya ga tazarar da ke tsakaninsu, ya kuma ga cewa mai milimita 16 aka sa a ginshiƙi kamar yadda zane ya nuna, saboda da zarar kankare ya rufe babu mai iya tabbatar da abin da ke ciki sai an fasa. Wannan ya kare mai gida daga cuta, mu ma ya kare mu daga zargi.

Biyan ma'aikata ma ya koma waya, kuma ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, shi ya tilasta hakan. Leburorin da ba su taɓa shiga banki ba suka buɗe asusu a OPay da Moniepoint, har mai sayar da shinkafa da wake a bakin fili ta fara karɓar taransifa. Yanzu ba na yawo da buhun kuɗi, kuma idan gardama ta tashi a kan an biya ko ba a biya ba, shaida tana nan a waya. Abin da ke damuna shi ne ladan da mai POS ke cirewa, domin a wurin wanda ya wuni yana ɗaukar kwanon sarki a rana wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, shi ya sa nake ɗora kuɗin cirewar a kan ladan kowa.

Farashin kaya kuma ya daina zama wuri ɗaya tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, har buhun siminti ya haura naira dubu 10 a wurare da dama a farkon 2024. Dillalai kan turo mana farashin siminti da rodi da kwano da safe, don haka nake rubuta wa kowane mai aiki cewa ƙiyasina na mako guda ne. Mai gida ma yana ganin farashin a intanet, abin da ke da kyau, amma yakan manta cewa simintin da ya taso daga masana'antar Obajana ta jihar Kogi ko ta Sakkwato sai an biya kuɗin mota da na masu lodi kafin ya iso filinsa.

Inda na fi samun saɓani da mutane shi ne wajen zane. Kwamfuta ta sa mutum yana ganin gidansa da fenti da tagogi tun kafin a haƙa harsashi, kuma hakan ya ba uwargida damar cewa a faɗaɗa kicin ko a matsar da ƙofa tun a takarda, maimakon a rushe bango daga baya. Amma waya ɗin ce kuma ke kawo mana hotunan Instagram da TikTok na gidajen Dubai da Turai, gilashi tun daga ƙasa har sama, babu tsakar gida, babu inuwa, a ce mana irinsu ake so a garin da zafin Afrilu kan wuce digiri 40. Irin wannan gida ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, alhali wutar da za ta ɗauke ta ba ta da tabbas. Magabatanmu da suka yi gini da tubali da azara sun san dalilin da ya sa suka kaurara bango suka ƙanƙanta taga. Ba na cewa a koma ginin ƙasa, amma ina nacewa a ɗaga silin, a tsawaita bakin rufi, a rage tagogin da ke kallon yamma, a kuma bar wa iska hanyar shiga da fita, ko da mai gida zai ga kamar na rage wa hotonsa kyau.

Sola ta shigo cikin zanen gida ita ma. Yanzu tun daga farko muke ware wa batir da inbata wuri mai iska, mu raba wayarin fitilu da fanka da na kayan da ke jan wuta da yawa, mu kuma tsara rufin yadda faifan sola zai samu rana ba tare da an huda kwano barkatai ba. Rijiyar burtsatse mai famfon sola takan zama aikin farko a fili, domin ita ke ba mu ruwan gini ba tare da janareta ba. Nan ma akwai lissafi, tunda tankin lita 1,000 idan ya cika nauyinsa tan guda ne, kuma ba a kan kowane dekin ake ɗora shi ba. Wajen fili kuwa, ba na fara aiki sai safiyo ya fitar da iyaka da na'urarsa, an duba takardu a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, an kuma karɓo izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar.

Akwai dai abin da kyamara ba ta nunawa. Bidiyo ba ya gaya wa mai gida ko buhun siminti guda an haɗa shi da kwanon sarki huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, ko an ƙara yashi a bayan idonsa, ko an cika ruwa domin kwaɓin ya yi sauƙin zubawa. Bulon da aka tsuke wa siminti da wanda aka buga da gaskiya kamanninsu ɗaya a hoto, sai an ɗaga an saki a ƙasa ake gane bambanci. Kankare kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka tsara masa, ko da mai gida yana kira daga Jidda yana gaggawa. Saboda haka a kowace yarjejeniya nake rubuta cewa za a shayar da dekin ruwa na mako guda aƙalla, ba za a cire katakon da ke tallafe da shi ba sai bayan mako uku, kuma ranar zubawa dole ne injiniya da wakilin mai gida su tsaya a wurin da ƙafafunsu har a kammala.